Fuskar Hansai

Hansai ta rasu a shekarar da aka gudu daga Mubi, kuma ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Na jikin bango wuta ta cinye tare da ɗakin, na cikin waya ya ɓace da wayar a hanyar dutse. Abin da ta bari 'ya ce guda, Juwairiya, wadda a lokacin ko yaye ta ba a yi ba.

Ni Laraba, kitso nake yi a Sabon Layi, kuma tare muka yi sakandare da Hansai, ajinmu ɗaya, ɗakin kwananmu ɗaya. Shi ya sa ran nan da hantsi wata yarinya doguwa ta yi sallama a rumfata, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce ita ce Juwairiya. Babanta, Malam Jibrilla, ya ce mata in akwai wadda ta san uwarta tun tana budurwa, to ni ce.

"Inna, ba labarin halinta nake so ba," in ji ta. "Kowa ya ce mutuniyar kirki ce. Fuskarta nake so ki faɗa mini. In na yi mafarkinta, baya take juya mini."

Na buɗe baki da ƙarfina, ni da ba a raba ni da surutu, sai na ji wayam. Wallahi na nemi fuskar Hansai a kaina na rasa! Na ji kunya, na ji haushin kaina, har na hau yarinyar da faɗan me ya sa ba ta zo tun tuni ba.

Abin da na tuna shi na ba ta. Daga Wuro Patuji aka kawo Hansai makaranta, 'yar makiyaya, da akwatin ƙarfe da kwalbar man shanu. Hausarta a karkace take, mace ma "kai" take ce mata, uwa kuwa "Dada" take cewa irin na Fulani, mu kuwa muka sa ta gaba da tsiya, ita ko a jikinta. A aji tana gabana, kullum wuyanta a juye wajen taga, tana kallon duwatsun da ke gabas. Malamin lissafi ya jefe ta da alli har ya gaji.

Ita fa ba ta ba da labarin abin da ya faru, sai abin da ta yi mafarki, kuma da gaske take faɗa kamar mai kawo labari daga kasuwa. Yau ta ga mayo, wato kogin garin nan, ya cika da kindirmo mata suna ɗiba da ƙwarya. Gobe ta ga shanun babanta sun hau dutse, sun wuce ƙololuwa, sun ci gaba da tafiya a kan gajimare suna kiwo. In ce mata, "Ke Hansai, Allah ya shirye ki, wa zai tatso su a can?" Ta ce ai ruwan sama da nake gani, su ne.

Duk Asabar 'yan ɗaki kan zauna biyu-biyu a yi wa juna kitso. Ni ce tata. Gashinta mai santsi, ka kama nan ya zame can, in yi ta mita ina dungure mata kai. A kanta hannuna ya faɗa, sana'ar da nake ci da ita har yau.

Da muka gama ba ta ci gaba ba. Ta auri Jibrilla mai gyaran keke, don ita ta ce tana so, ta kama suyar ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa. In ka je saye sai ka ji mafarkin jiya kafin a auna maka. Ranar gudu ta ɗaure 'yarta a baya, suka bi ta duwatsun nan da ta yi shekaru tana kallo ta taga. Ta tsallake da ƙafarta, amma zazzaɓi ya kama ta a can ƙetare, a can aka binne ta. Allah ya jiƙanta.

Juwairiya ta saurara tsaf, sannan ta ce a hankali, "Idonta fa, Inna? Hancinta?"

Na ce, "'Yar nan, ba zan yi miki ƙarya ba. Ƙeyarta na sani, da bayan kunnenta. Fuskar ta tafi."

Ta sunkuyar da kai. Can ta zame ɗankwali ta ce to in yi mata irin kitson da nake yi wa uwarta.

Ta zauna a tabarma tsakanin ƙafafuna. Na ɗauki kibiya na tsaga, na shafa mai, hannuna ya kama hanya shi kaɗai. Rana ta yi sama, iska na kaɗa labulen rumfa, ƙararrawar kekuna na wucewa can nesa-nesa. Ban kai rabi ba na ji kanta ya yi nauyi. Barci ya sace ta, kumatunta a kan gwiwata.

Na ɗaga hannu zan dungure ta, na leƙa ta sama, sai hannun ya tsaya. Leɓen ƙasa a ɗan sake, ido bai gama rufuwa ba, gira ɗaya a ɗage kamar ana gaya mata abin mamaki. La ilaha illallahu! Ashe haka Hansai take yi mini duk Asabar, ashe ta nan na san fuskarta, daga sama, a karkace, tana barci. Hawaye suka zubo mini, na tare su da gefen mayafi kada su ɗiga mata.

Na lallaɓa na jawo wayata, na ɗauki yarinyar hoto a yadda take. Sai da na ƙarasa kitson sannan na taɓa kafaɗarta. Ta farka a firgice tana ba ni haƙuri.

Na miƙa mata wayar. Ta duba, ta ce, "Inna, ai ni ce."

Na ce, "Ke ba ki taɓa ganin kanki kina barci ba. Duba da kyau, uwarki ke nan."

Ta riƙe wayar da hannu biyu, ta matso da ita kusa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, ba da ni ba, "Sannu, Dada."