Makullin da Na Zare a Gangarar Gadar Jega

Tsohuwar a-kori-kurata ba ta da zaɓen makulli. Gidan makullinta ya cinye, ko gindin cokali ka zura sai ta tashi, kuma tana cikin gudu kana iya zare makullin ka sosa kunne, ba ruwanta. Lokacin Kebbi ba ta daɗe da zama jiha ba, ga wahalar mai, duk direban da ya kai gangara kashe mota yake yi ta tafi da kanta. Ni har ƙari na yi, in kashe, in zare makullin, in riƙa kaɗa shi a yatsa don fasinja su san gwani ke jan su.

Ran nan a Aliero gidan makullin ya ƙi juyawa. Aka tura ni wurin wani dattijon makanike da ba ya son surutu. Ya cire kan batir, ya kwance murfin da ke ƙarƙashin sitiyari, ya lallaɓi makullin da ɗigon mai har ya tsaya a tsakiya. Ya soka wata 'yar waya a wani ɗan rami, sai ga tsohon gidan ya faɗo masa a hannu kamar ruɓaɓɓen haƙori. Da ya tura sabon ya zauna, ya nuna mini wani harshen ƙarfe a ciki.

"Wanga ba irin wancan ba na," in ji shi. "In kaz zare mabuɗi, halshen ga na hita ya kama sitiyari. Ka jiya?"

Na ce na jiya. Ƙarya nake, hankalina na kan wasu buhunan albasa da nake son a ba ni lodinsu.

Bayan kwana uku ƙanwata ta haihu a unguwar Firchin da ke Jega. Innarmu tsoron mota take yi tun fil azal, ko tasha ba ta son giftawa. Kwana na yi ina lallashinta kafin ta yarda ta shiga gaba mu je barka, bayanmu buhunan gero, muka taso daga Maiyama da hantsi. Ƙarshen damina ne, gulbi ya cika fal.

Da muka kai gangarar da ke kafin gadar Jega, hannuna ya kashe mota ba tare da ya yi shawara da ni ba. Daidai nan Inna ta kwance goro daga bakin zanenta. Haƙoranta sun ƙare, sai an yanka take ci, ni kuwa da 'yar wuƙa a zoben makullina.

"Ba ni wuƙar ga taka."

Na zare makullin na miƙa mata. Ina ɗan karkata sitiyari don kwanar da ke gaba, sai na ji ƙas! Ya tsaya cak. Na murɗa hagu, na murɗa dama, ko gezau. Hanya ta karkace, mota kuwa ta miƙe, ta nufi gefen gada inda ba kome sai ruwa.

Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Na taka birki ya kama kaɗan, na sake takawa ya yi tauri, geron da ke baya sai tura mu yake yi.

"Inna, mabuɗin! Ba ni mabuɗin!"

"Bari in ida yankawa, mi kake gaugawa?"

Sai ta ɗaga kai ta ga fuskata. Garin miƙo mini, makullin ya suɓuce ya shige cikin zanenta. Tana lalube tana salati, ni na miƙe tsaye kan birki da ƙafa biyu, na fizgo birkin hannu. Muka daki dutsen siminti na bakin gada. Motar ta ja shi kaɗan ta tsaya, tayar ɓangaren Inna na lilo a sarari. Ta tagarta ina ganin jan ruwa na wucewa.

Na fiddo ta ta ƙofata. Ta dube ni, goro a hannu ɗaya, makulli a ɗayan.

"Mi ya hwaru?"

Tsoro bai sake ni ba, shi ya yi magana da bakina: "Ke kic ce in ba ki wuƙa!"

Ta aje makullin a kan kujera, ta gyara lulluɓi, ta haye gadar da ƙafa. Na roƙi gafara daga baya, ta ce ta yafe, amma ba ta ƙara shiga motata ba. Ko da ciwo ya kwantar da ita, motar maƙwabci ta ce a nemo a kai ta asibitin Jega.

Ni na maido ta gida ranar da ta rasu, a baya, kan tabarma, ƙanwata na riƙe da kanta. A bakin gadar na sa giya ɗaya muka haye a hankali, motoci na ta yi mini oda. Hannuna na kan makullin har muka shiga Maiyama.