Leda a Gonar Iya Tabawa

Iya Tabawa, kakata ta wajen uba, ba ta yi wa mai hannun banza tatsuniya. A lokacin kaka, da an idar da sallar isha'i, sai ta sa a jawo kwandon gyaɗa tsakar gida, a hura wutar kara, mu jikokinta mu kewaye ta, kowa da faifansa a cinya. Wanda ya daina ɓara, ita ma sai ta daina magana, ko da labarin ya kai inda kura ta buɗe baki. Ta zuba masa ido, har sai mu sauran mun dame shi da zunguri.

Ni na fi kowa shan wannan kallon, don baki nake saki in manta da hannuna.

"Hansai, uwar son banza," in ji ta, "kunnenki na ci, hannunki na azumi?"

Gyaɗar a kai ɗaki, ɓawon a tura wuta, tokar a kwashe da safe a kai juji. A gidanmu juji ba wurin ƙyama ba ne. Toka, ƙaiƙayi, kashin awaki da na kaji, sharar tsakar gida, duk can suke taruwa shekara guda. Da bazara babana ya ɗora wa jaki mangala, ya yi ta jigila zuwa gonar da ke bayan dangarmu. A ƙasarmu ta tsakanin Bagwai da Kunci gona ba ta hutawa, don babu dajin da za a koma a bar ta ta huta. Gonar wane tana gogar ta wane. Sai dai a ciyar da ita. Ƙwarya ta tsage, a ajiye wa gyartai ya ɗinke. Zane ya tsufa ya koma majanyi, majanyi ya koma tsumma, tsumma ya ƙare a lagwanin fitila. Ruwan da aka wanke gero ma akuya ke jira. Ban taɓa jin Iya ta kira wannan da wani suna ba. Haka ake zama, shi ke nan.

Akwai tatsuniya guda da take yawan maimaitawa, mu kuwa ba ma son ta. Takan gyara zama ta ce, "To, ga wata can ta taso." Mu ce, "Ta ƙaraso, muna nan."

Wai wata mata ce, talaka, da mijinta da 'ya'yanta. Kullum da la'asar sai wata tsohuwa ta zo bayan dangarsu ta zauna. Ba a san daga inda take ba. Jikinta ja, bakinta kamar na randa. Ba ta roƙon tuwo, ba ta roƙon fura. Iya sai ta shaƙe murya ta rera mana abin da take cewa:

"Uwar gida, me kika share?
Ba ni toka, ba ni ƙaiƙayi,
abin da kika ƙi, shi nake so."

Matar ta kawo shara ta zuba, tsohuwa ta haɗiye, ta lashe baki, ta tafi. Da damina ta faɗi, duk inda tsohuwar nan ta taɓa zama sai gero ya fito, zangarniya kamar damtsen ƙato. Gida ya yi arziki. Matar ta fara sayen tukwane iri-iri da tasoshin ƙarfe, har ta rasa wurin jerawa. Ran nan wata tukunya ta fashe. Ta ji ƙyuyar tsince tsingaron, ta haɗa da shara ta kai. Tsohuwa ta tauna, ta tauna, haƙori guda ya fita. Ta haɗiye dai, ta ce, "Uwar gida, sharar yau da ƙashi." Washegari guntun ƙarfe aka haɗa mata. Ta haɗiye, ba ta ce komai ba. A rana ta uku ta zo ta zauna inda ta saba. Matar ta zuba shara a gabanta, ba ta buɗe baki ba. Aka yi lallashi, aka kawo mata toka mai laushi tankaɗaɗɗiya, ba ta buɗe ba. Shara ta yi ta taruwa, ta wuce danga, ta toshe ƙofa, har sai ta saman ɗaki mutanen gidan suke fita. Gero kuwa bai sake fitowa ba.

"Nan ta tsaya, ni ma na tsaya," in ji Iya. "Ƙarya ce na shirga muku. Ku kwashe ɓawon nan."

"Iya, ba ta cinye matar ba?"

"Ta ci me a jikinta? Ai ba muguwa ba ce. Baki kawai ta rufe."

"To ai ba wanda ya mutu!"

"Sai na faɗa muku sannan za su mutu? Ku tashi ku ba ni wuri."

Mu tashi muna gunaguni. Mun fi son wadda ake sare kan dodo.

Iya ta rasu ina da goyon fari. Da aka raba gadon babana, yankin gonar nan ta bayan danga ne ya faɗo mini, kuma da yake a garin aka aurar da ni, ban taɓa nisa da ita ba. Yau ita ke riƙe da tuwon gidan nan. Ɗana Sale ke noma ta. Shi ne na uku, shi ya sa nake iya kama sunansa.

Na tuna ledar farko da ta shigo hannuna. Wankewa na yi, na shanya a danga, na ninke na sa a ƙarƙashin matashi. Abin ajiya ce a lokacin. Ban san ranar da ta zama ruwan dare ba. Sai kawai na duba na ga sukari a leda, mai a leda, koko a leda, tuwo ma da aka kwashe daga tukunya a naɗe shi a leda. Ruwan da Allah ya saukar kyauta, shi ma a leda, wai fiya wata.

Shekara huɗu ke nan takin zamani ya fi ƙarfin Sale. Jaki babu, shanu babu. Sai ya yi abin da maƙwabta ke yi, ya sa tifa ta kawo masa sharar birni. Ban hana ba, don ko a zamanin babana ana kawo sharar birni a kan jakuna, baƙa wuluk, mai laushi, gona na son ta. Wannan da aka juye na je na tsaya a kanta. Leda ce, da mataccen batir, da fasassun kwalabe, da kunzugun jarirai na kanti da kashinsu a ciki, har da allurar asibiti. An riga an kawo, aka baza.

Da aka zo huɗa, garma ba ta tafiya taku goma sai an tsaya an ware mata leda. Na tuge gero guda da ya ƙi girma, na ga saiwarsa ta sauka ta tarar da leda, ta lanƙwashe ta dawo sama. Bayan girbi aka saki dabbobi a gonar. Tunkiyata ta fara ramewa, ciki kuwa ƙato. Na ba ta kanwa, na ba ta dusa, ba ta ci. Da muka ga za ta tafi aka kira mahauci. Ya farka tumbin, ya zaro wani dunƙule kamar kan yaro, leda ce ta murɗe ta zama igiya. Ya ɗaga yana dariya.

"Inna, wannan ai ta riga ta yi wa kanta guzuri."

Ni ban yi dariya ba. A daren na tara Sale da matarsa Zulai.

"Daga yau abin da gona ba ta ci, ba ya shigo mini gida."

Zulai ta ce, "Inna, to sukari fa? A tafin hannu za a riƙa kawowa?"

"Kwano ya ƙare a gidan nan ne?"

"Kunzugun yarinya fa?"

"Mijinki da tsumma na raine shi, ga shi nan bai lalace ba."

Sale ya sunkuyar da kai, ya ce, "Yadda kika ce, Inna."

Zan faɗi gaskiya a kan Zulai, don ba na ɗora wa mutum abin da bai yi ba. Ta yi ƙoƙari. Mai a kwalba ake sayowa, gishiri a gwangwani, ƙosai a kwano mai murfi. Ta koyi daddawa a wurina muka daina sayen dunƙulen miya. Ta koma wanke tukunya da toka. Tsummokaran yarinya ta yi ta wankewa har bayan hannunta ya farfashe. Da muka ce sai abin da za a zuba a kwano, sai muka ga rabin tarkacen da ake saya da ma ba yunwa ke sa a saya ba, gani ne. Alawar yara, lemon leda, biskit, duk suka tafi. Ni kuma na zauna a bakin zaure ina duba hannun duk mai shigowa. Jikokina suka sa mini suna soja. Na ji, na ƙyale.

Gari ne bai ƙyale mu ba. Mai kanti, da ya hango Zulai ta aika da kwano, sai ya ɗaga murya: "A buɗe hanya, ga mutanen zamanin da sun iso!" Mata a gidan biki suna cewa rowa ce ta kama ni da tsufa, na fake da gona.

Da Zulai ta sake haihuwa, ranar suna, na sa aka wanke randuna biyu aka cika, aka ɗora moɗa sababbi. Mata suka cika gida. Ina kallo, ba wadda ta taɓa moɗar. Wata ƙanwar uwar Zulai da ta zo daga birni ta leƙa randa, ta yamutsa fuska.

"Hajiya, ba ruwa ne a gidan?"

"Ga shi nan a gabanki."

"A'a, na sha nake nufi."

Kafin azahar sai ga Sale da jakunkunan fiya wata a bayan babur. Bai dube ni ba. Ya sauke, ya ce a hankali, "Inna, yau ɗaya dai. Kar a tafi da mu a baki." Da gari ya waye tsakar gidana fari fat, kamar an yi ruwan ƙanƙara. Ni da Zulai mai jego muka tsince.

Duk da haka muka ci gaba. Shekara biyu cur. Jujinmu ya dawo irin na da, baƙi, mai ɗumi, in ka tura hannu ba abin da zai soke ka. Bana da bazara Sale ya kwashe shi a baro ya kai gona. Na bi shi ina jin kamar ranar sallah. Ya baza, ya baza, ya ƙare. Ko sulusin gonar bai rufe ba.

Ya jingina da shebur, ya ce, "Inna, kin gani."

"Na gani. Baɗi zai fi haka."

"Da me zai fi? Zamanin kakarki akwai shanu, akwai jakai, akwai awaki cike da turke. Mu akuya biyu gare mu. In na bar sauran haka, me za mu ci? Kuma dubi can." Ya nuna mini iyakar gonar. Ledar maƙwabta ce iska ta kwaso, ta maƙale a kan kututturen dawa, tana kaɗawa. "Ko mun daina, su ba su daina ba."

Ya yi gaskiya, kuma gaskiyar tasa ce ta fi ci mini rai. Bayan kwana shida tifa ta dawo.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Iya a kan ƙyuya ce: mace ta ji nauyin tsince tsingaro, ta jawo wa gidanta. Da na girma na yi ta neman wannan matar a cikin mutane, in same ta in yi mata faɗa. Na zaci Zulai ce, ba ita ba ce. Na zaci Sale ne, shi ma yunwar 'ya'yansa yake gudu. Tsohuwar Iya kuma tana da gata, da ta gaji ta rufe bakinta. Tamu, gonar nan, ba ta da wannan. Duk abin da aka juye mata sai ta karɓa, ta riƙe a ciki kamar tunkiyata, tana ramewa ana cewa damina ce ba ta yi kyau ba. Shi ya sa ban taɓa yi wa jikokina wannan tatsuniyar ba. In suka tambaye ni wa ya yi laifi, ban san wa zan nuna ba.

Na roƙi Sale abu guda, kar ya baza tulin sai na bi ta kansa. Kwana tara ina zuwa da sanyin safiya, da tsinken kara da buhu, ina tsince leda. Kwalba ta yanke ni sau biyu. Wasu ranakun Zulai ta zo da goyonta ta taya ni. Ba mu tsince rabi ba ruwan shuka ya sauka, dole aka baza.

Sai kuma ga buhunan da muka tara. Na gwada ƙona guda, hayaƙin ya sa jaririyar tari har dare, abin da ya rage kuma ba toka ba ne, wani baƙin dunƙule ne mai tauri kamar dutse. In na binne, ƙasar dai na mayar wa. In na kai kududdufi, iska ta dawo mini da ita kafin Juma'a. Ƙaramin rumbuna da ma ya kwana biyu ba hatsi a ciki. Can na sa aka zuba su, aka danna, aka rufe.

Shekaranjiya maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga, ta ga murfin rumbun ya ɗan ɗaga don cika.

"Inna Hansai, ashe da sauran hatsin bara! Allah ya ƙara albarka."

Na ce amin. Ban buɗe mata ba.

Muddin ina numfashi ba mai taɓa rumbun nan. Ranar da aka fita da ni, Sale zai buƙaci wurin zuba gero, zai buɗe, zai tsaya yana tunanin inda zai kai su. Na san ɗana, ba mugu ba ne, gajiya ce ke yi masa yawa. Gonar ce ta fi kusa.