Layin da Saje Ya Bar Mini

Da hantsin wata Talata ina zaune gaban fiyano a wani situdiyo a Kaduna, muna jiran mawaƙin da ya ce ƙarfe tara zai zo, sai wayata ta yi ƙara. Na duba na ga lambar Malam Umaru mai kalangu, abokin aikina na dā a Zuru. Saura kaɗan in bar ta ta gaji ta tsinke, domin haka na saba yi wa duk kiran da ya fito daga gida. Har yau ban san abin da ya sa na ɗauka ba.

"Iliya," in ji shi, "Saje Bawa ya rasu. Ran Asabar za a kai shi Manga a rufe. Na ce in hwaɗa maka da bakina, kar ka ji ga wani."

Na ce Allah ya jiƙansa. Ya ce amin, ya kashe wayar. Bai tambaye ni ko zan zo ba, ni ma ban ga laifinsa ba. Shekara biyu ke nan ana tambayata yaushe zan zo, ina cewa mako mai zuwa.

Akwai mutane da yawa a ƙasar Zuru da suka fi ni cancantar rubuta wannan tunawa. Na karɓi aikin ne saboda a cikin duk waɗanda Saje ya yi wa alheri, ni ne wanda ya fi saka masa da rashin kirki, kuma ina ganin ba za a san girman mutumin nan ba sai an san abin da na yi masa.

Saje Bawa ya yi shekarunsa na ƙarfi a cikin 'yan badujalar soja yana busa ƙaho. Da ya yi ritaya ya dawo gida, ya zauna a unguwar Rikoto tare da matarsa, Mama Saratu. Abokansa tsofaffin soja wannan ya sayi injin niƙa, wancan ya sayi babura ya ba masu kabu-kabu. Shi kuwa sai ya dawo da wata tsohuwar na'urar ɗaukar waƙa a kaset, a naɗe cikin bargo kamar jinjiri. Ya share ɗakin da Mama ke ajiye dawa, ya manna kwalayen ƙwai a bango don kada murya ta yi amo, ya ce situdiyo ke nan. Maƙwabta suka ce ƙarar ganga ta taɓa masa kai. Mama Saratu ma ta yi wata guda tana tambayarsa inda za ta zuba dawarta.

A wancan lokacin duk mawaƙin garinmu da ke son ya ga kaset ɗinsa sai ya sayar da akuya ya tafi Kano ko Kaduna. Can a ɗora masa kiɗan da bai dace da waƙarsa ba, musamman idan da yarenmu na C'lela yake yi, ya dawo da kaset goma a leda, sauran kuma ba zai sake jin labarinsu ba. Saje ya tara mu ya ce shi bai ga dalilin wannan wahala ba. Ya ce iyayenmu ba su taɓa ɗaukar ɗan ƙodago su yi huɗa ba, gayya suke kira, yau a gonar wannan, gobe a gonar wancan. Me zai hana a yi wa waƙa gayya?

Haka aka fara. Ya rubuta sunayenmu da alli a jikin ƙofa, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Wanda layi ya zo kansa, kowa zai zo ya yi masa kiɗa da amshi kyauta har kaset ɗinsa ya kammala, shi kuma ya kawo kunu da abin taɓawa. Kaset ya zama nasa shi kaɗai, amma duk wanda aka gayyata biki ko taro zai tafi da kaset ɗin 'yan'uwansa a jaka, ya tallata su kamar nasa. Masu kabu-kabu suna kai mana su Ribah da ƙauyuka ranar kasuwa. Lasifika da janareto na kowa ne, wanda ya samu aiki ya ɗauka, da sharaɗin ya tafi da mutum biyu daga cikinmu. Ba wanda ya yi arziki, amma Rahila, wadda ke jagorantar matan amshi daga Manga, ta daina kai itace kasuwa, Malam Umaru kuma ya daina tunanin jingine kalangunsa ya tafi ci-rani.

Na'urar tana ɗaukar sauti layi huɗu, daban-daban, kamar kunyoyin gona. Yau a ɗauki ganga a layi na ɗaya, gobe a ɗora murya a na biyu, haka har a cika. Saje yana goge ta da hankici kullum kafin a fara. Idan azahar ta yi yakan kashe ta ba tare da an ce masa komai ba, sai Malam Umaru ya idar da salla. Ranar Lahadi kuwa ko gwamna ne ya zo ba za a buɗe ɗakin ba. Idan wani ya fita daga kiɗa ba ya yi masa tsawa, sai ya ce, "Ka fara jin na kusa da kai, sannan ka ji kanka." Kusan kullum sai mun ji wannan maganar, har muna kwaikwayonsa a bayan idonsa.

Yana da wata al'ada da ya taho da ita daga bariki. A ƙarshen kowane kaset, bayan waƙa ta ƙarshe, sai ya tsayar da mu gaban makirfo ya yi kiran suna. Ya ce, "Umaru, kalangu." Malam Umaru ya ce, "Ga ni, Saje." Ya bi kowa da kowa, har matar da ta dama kunu. Wasu suka ce ɓata kaset ne. Ya ce wanda ya saya da kuɗinsa ya kamata ya san hannu nawa ne suka yi aikin.

Ni na zo ne daga baya, na baro makaranta ba takarda, ina taɓa fiyanon coci, ina ji da kaina kamar ba a taɓa haifar mai yatsu irina ba. Ranar farko na zuba masa duk abin da na iya. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Kurtu, yatsunka sun fi kunnenka gudu." Daga ranar sunana ya zama Kurtu a bakinsa. Ya ɗauki alli ya je ƙofa. Sunansa ne na ƙarshe a jerin. Ya goge shi da gefen hannu, ya rubuta nawa a wurin, ya mayar da nasa ƙasa. Daga baya na ji cewa haka yake yi wa duk wanda ya zo, shi ya sa shekaru suka yi ta wucewa layi bai taɓa zuwa kansa ba.

Da nawa layin ya zo, mako uku mutanen nan suka yi suna yi mini aiki. Rahila da matanta suna takowa daga Manga bayan sun baro gona. Saje ya busa ƙaho a waƙoƙina huɗu har leɓensa ya fashe. Da kaset ɗin ya fito, na gan shi da idona a kasuwar Zuru cikin rana, tsoho mai furfura, rikoda a kafaɗa, yana kunna waƙata yana cewa mutane, "Ku saya, ɗanmu ne." Da abin da na samu a kaset ɗin nan na sayi fiyano nawa na kaina. Kaset ɗin ne kuma ya kai sunana Kaduna.

Bayan wannan ne muka haɗa kai muka ce ba wanda zai sake shiga gaban Saje. Malam Umaru ya ɓoye allin. Saje ya yi ta kawo uzuri, a ƙarshe ya yarda. Ashe yana da waƙoƙin da ya daɗe yana riƙe da su, waƙoƙin noma da na raino da mahaifiyarsa ke yi da C'lela, yana so ya ɗora musu ƙaho da fiyano kafin su ɓace tare da shi. Ya kira ni gefe ya rera mini su ɗaya bayan ɗaya, yana jin kunya kamar yaro. Ya ce layi na huɗu nawa ne. Aka sa ranar Asabar bayan girbi.

Ranar Alhamis, ana saura kwana biyu, aka kira ni daga Kaduna. Kakar zaɓe ce, waƙoƙin 'yan siyasa sun yi wa wani situdiyo yawa, suna neman mai fiyano da gaggawa. Da a ce na je na faɗa wa Saje, na tabbata da ya ce in tafi, har ya raka ni tasha. Ban je ba. Da safiyar Juma'a na hau kabu-kabu da fiyanona a cinya, hanya ta bi ta ƙofar gidansa, na hango shi a tsugune yana wanke ƙahonsa a kwano. Na sunkuyar da kai na ce wa mai babur ya ƙara wuta. Sai da na isa Kaduna na tura masa saƙo a waya cewa mako ɗaya zan yi.

Mako ɗayan nan ne ya zama shekara biyu. Ya kira ni sau da yawa a watannin farko, ina kallon sunansa har wayar ta yi shiru. Na zo gida Kirsimeti sau ɗaya, na yi kwana uku ina zagaye Rikoto ta bayan gari kamar ɓarawo. Abin da ya fi wannan muni, an taɓa hira da ni a rediyo, aka tambaye ni wa ya koya mini sana'a. Na buɗe bakin nan nawa na ce ni na koya wa kaina, ba wanda ya taimake ni. Ina faɗa ina jin ɗacin ƙaryar a harshena, amma ban gyara ba.

Na isa Manga ranar jana'izar, na tsaya can baya. Bayan an watse Mama Saratu ta aiko a kira ni. Na durƙusa na kasa ɗaga ido. Ta ce, "Ɗana, ka rame. Ba sa ba ka abinci ne a can?" Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta miƙo mini makullin ɗakin, ta ce in je tare da Malam Umaru, Saje ya bar mini aiki.

Washegari da safe muka buɗe ɗakin. Sunayen suna nan a ƙofa, an ja wa kowa layi alamar an gama nasa, saura na Saje. Malam Umaru ya gaya mini cewa sun ɗauki kiɗan tun bara. Saje ya matsa a fara da ƙaho, domin ya ji ƙirjinsa ya fara cin amanarsa. Sun ɗora ganga, sun ɗora muryoyi.

"Munka ce mashi ga wata yarinya nan coci ta iya fiyano, a kira ta a gama," in ji Malam Umaru. "Ya ce a'a. Ya ce soja ba a cike gurbinai sai an tabbatar ya hwaɗi."

Na tambaye shi ko Saje ya ji hirar rediyon. Ya dube ni ya ce a nan ɗakin suka ji ta, su duka. Rahila ta tashi za ta kashe rediyon, Saje ya hana ta, ya ce, "Ku bar shi. Kurtu ya iya magana yanzu."

Malam Umaru ya kunna na'urar. Ƙahon ya fito, ba ƙarfi irin na dā, ana jin inda yake tsayawa ya ja numfashi. A tsakiyar kowace waƙa akwai wurin da kowa ke sassautawa, ganga kaɗai ke tafiya, an bar fili ga fiyanon da bai zo ba. Waƙoƙi suka ƙare, aka zo kiran suna. "Umaru, kalangu." "Ga ni, Saje." "Rahila, amshi." "Ga ni, Saje." Ya bi su duka har Mama Saratu mai kunu. Sannan na ji ya ce, "Iliya, fiyano." Bai ce Kurtu ba, sunana na gaskiya ya kira. Kaset ya yi ta juyawa, ba wanda ya amsa. Can sai muryar Saje ta dawo, ya yi gyaran murya ya ce, "Yana hanya."

Na yi kuka a ɗakin nan irin wanda ban yi a bakin kabari ba. Kwana tara na yi ina cike layi na huɗu, kuma a karon farko a rayuwata na saurari na kusa da ni kafin in taɓa fiyano. Da muka gama, Malam Umaru ya ce akwai dabarar da za a yi in ɗora muryata a kan shirun nan, in ce ga ni, ba mai sanin an yi gyara. Na ce a bar shi yadda yake. Ranar da aka kira ni ba na nan, kuma duk wanda ya sayi kaset ɗin yana da haƙƙin ya ji haka. Kaset ɗin yana kasuwa yanzu, na Mama Saratu ne, kowannenmu yana yawo da shi a jaka. Malam Umaru ya fito da allin da ya ɓoye. Na rubuta sunana a can ƙasa.

Ubangiji Allah ya jiƙan bawansa Saje Bawa, ya gafarta masa kurakuransa, ya ba shi hutu bayan doguwar hidima. Ya ta'azantar da Mama Saratu da 'ya'yansu da jikokinsu, ya zama gatansu, kada ya bar gidan nan ya rasa mai sallama. Ya riƙe gayyar da bawan nan ya kafa, ya raba ta da masu hali irin nawa na dā. Ni kuma ya yafe mini. Idan ranar babban kiran suna ta zo, Allah ya sa in amsa da bakina, kada Saje ya sake rufa mini asiri.