Zane Biyu a Kan Rairayi

Jiya da rana tsaka na je maƙabarta in yi wa kawuna addu'a, ban gane kabarinsa ba. Rairayi ya shafe kaburburan duka, na maigari da na makiyayi. Ko tsuntsu ba ya kuka.

A Rasha Kawu ya koyi gyaran injin ruwa. In rediyo ya ce “gurguzu”, sai ya yi tsaki ya ja zane biyu a ƙasa da sandarsa.

Wata rana muna rabon albasa a lambunmu na kwari, ya ja zanen nan biyu, ya nuna su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, “Gurguzun nan biyu ne, ɗana. Na farko sosiyalis: gona ta kowa ce, gwamnati na tsaye, kowa ya ci gwargwadon guminsa. Na biyu kominis: ba gwamnati, ba mai kuɗi, ka yi iya ƙarfinka, ka ɗauki iya bukatarka.”

Na ce, “Kawu, ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba. A ina aka taɓa yin na biyun?”

Ya nuna maƙabarta da haɓa. “Can kaɗai na gani. Masu haƙa su yi iya ƙarfinsu, a ba ka daidai tsawonka.”

Yanzu ciwon baya ya hana ni jan ruwa, rabona na albasa sai raguwa yake. Da zan juya jiya, na ga zane biyu a kan rairayin, babu sawun kowa. Ina tsaye daf da na biyun.

Allah ya yalwata makwancinka, Kawu. Ni kuma ya ƙara mini kwana a na farkon, yarana ƙanana ne.