Tiyon da Na Yanka wa Yaya

Haƙorina guda na gaba babu shi, kuma duk wanda ya tambaye ni nakan ce wasa ne ya cire shi. Ban yi ƙarya ba.

Yayana ne ya sayi akwatin wasan, na hannu, a wajen wani direba mai kai tumatirinmu kudu. Wata baƙar aba ce mai igiya biyu, kowace da abin murɗawa irin na rediyo. In aka jona ta da talbijin baƙi-da-fari da batirin mota, sai sanda biyu su fito, ɗan ɗigo yana kai-komo a tsakaninsu. Ka murɗa, sandarka ta tare ɗigon. In ya wuce ka, an ci ka. Iyakar wasan ke nan, amma a ƙauyenmu na gefen Kura har masu furfura sukan leƙo zaure. Yaya bai taɓa bari na ci shi ba, ga shi da baki, sai ya yi ta yi mini tsiya har a bakin kanal ɗin ban-ruwa.

Ranin da kowa ya shuka alkama, injin casa ya kama hannun rigarsa. Ina tsaye a gefensa da dami a kai. Na ji ƙashi yana karyewa, na ga ƙaiƙayi yana fitowa ja. Kafin a kashe injin, abin da ya rage na hannun damansa ba abin kallo ba ne. A asibitin Kano aka datse shi daga wuyan hannu.

Wanda ya dawo mana ba Yayan da muka sani ba ne. Ya naɗe dungun cikin tsumma, ya ƙi fita, don kada wani ya miƙo masa hannu a masallaci. In aka kawo tuwo sai ya kalli hagunsa, ya yi jifa da kwanon. Ya taɓa kai wa akuyar Inna ƙafa har ta yi ɓari. Ni kuwa mari na sha babu adadi, kuma hagun nan ya fi dama zafi. Inna kullum maganarta ɗaya: "Ku ƙyale shi, ku yi haƙuri da shi." Muka yi ta ƙyale shi, shi kuma yana ta lalacewa, gonarsa ciyawa ta cinye.

Wata rana da hantsi ya jona akwatin shi kaɗai. Ya danne abin murɗawar da gwiwa, ya gwada da hagu, ɗigon yana ta wuce shi. Sai ya finciko akwatin ya maka da turmi, ya bi shi da taɓarya.

Na kwashe tarkacen na kai ɗakina. Ina ɗan taɓa gyaran rediyo, don haka na san abin da zan duba. Koren allon ciki ya tsage gida biyu. Na ɗaure shi a kan katako, na warware siririyar waya daga tsohon kwayil na injin ban-ruwa, na riƙa gasa ƙusa a murhun gawayi ina narka dalma, ina haɗa layukan da suka katse ɗaya bayan ɗaya. Yatsuna duk suka yi bororo. Ranar da ɗigon ya sake fitowa yana rawa, sai da na yi hawaye.

Abin murɗawa ɗaya ya mutu murus, na sa bolum na tsohuwar rediyo a madadinsa. A nan dabara ta zo mini. Na yanko guntun tiyon robar da muke jan ruwa da shi daga kanal zuwa fangali, na gasa bakinsa ya buɗe, na cusa auduga, na kafe shi a kan bolum ɗin, yadda mutum zai zura dungu ya juya. Faɗin dungun kuwa, da zare na auna, Yaya yana barcin rana.

Da na kai masa zaure, ya daɗe yana kallon tiyon.

"Wa ya ba ka girmansa?"

"Aunawa na yi, Yaya."

"Ina barci ka taɓa ni?"

Bai jira amsa ba, ya shaƙe ni ya haɗa kaina da bango har na ga duhu. Ya sake ni, ya zauna yana huci. Can sai ya juya mini baya, ya kwance tsumman, ya zura dungun a cikin tiyon. Sandar ta motsa.

"Zauna," ya ce.

Tausayinsa ya kama ni, na riƙa kauda sandata da gangan. Ya ci na farko, ya ci na biyu. A na uku ya zare hannunsa, ya dunƙule hagu ya sauke mini a baki. Haƙorin ya faɗo a kan tabarma, jini ya cika mini baki.

"Ni za ka yi wa sadaka? Kai ma ka mai da ni musaki?"

Inna ta leƙo da salati, ya ce ta koma ciki. Ni kuwa raina ya gama ɓaci. Duk marin da na haɗiye ya taso mini. Na tofar da jinin, na ja abin murɗawata, na yi masa cin da ban taɓa yi wa kowa ba. Ko ɗigo ɗaya ban bar masa ba. Ina ci ina zaginsa da irin tsiyar da yake yi mini a da, jini yana ɗiga a rigata. Na zaci zai kashe ni, kuma a lokacin ban damu ba.

"Sake," kawai yake cewa. Muka yi ta yi har batirin ya mutu.

Washegari ina zaune da kumburarren baki ina shan koko ta gefe guda, sai na ji an jefo abu a gabana. Fartanyarsa ce, da wani guntun tiyo. Ya tsuguna, ya miƙo mini dungun a fili, babu tsumma, a gaban Inna da kowa.

"Ɗauko zarenka," ya ce. "Auna."