Takardar Faisal, da Bakina a Ɗaure

Talata: Gida zuwa Kano

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka ja ƙofa, ni da Malam maigidana. Jaka ɗaya, ƙullin kuka da daddawa, sai takarda da na naɗe cikin leda biyu na ɗaure a ƙugu. Umara ce a baki, amma takardar nan ce ta tashe ni.

Yayana Haruna ya tafi Hajji tun muna yara ya zauna, ya yi ɗinki a unguwar Sultana ta Madina har ya rasu. Ya bar matarsa Rabi da ɗa guda, Faisal. A Madina aka haifi yaron, amma can baƙo ne, a gida kuma ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa. Jami'ar Madina tana ba 'yan asalin kowace ƙasa gurbin karatu kyauta, da ɗaki da abinci, sai dai kowa ya kawo shaidar asalinsa. Wata biyu na yi ina zarya tsakanin mai unguwa da hakimi da sakatariya. Sai da na kai shekara arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, saboda haka ba a ba ni takarda in ce na gode ban karanta ba. Layi-layi na bi ta, na kai Kano aka juya ta Larabci aka buga hatimi.

Rabi ta ce min ta waya lallai ta iso kafin a tashi aikin makon nan. Na ƙirga: Laraba mu yi Umara, Alhamis mu huta, Juma'a da safe takarda ta shiga ofis.

Mun isa filin jirgin Kano ƙarfe bakwai da kwata. Jirgin rana ne, bai tashi ba sai bayan isha'i. Da aka sanar mun zo daidai miƙati, Malam ya riga ya sa haraminsa, muka ɗaura niyya. Ya juyo ya tuna min, a hankali kamar mai tsoron kada a ji, cewa daga yanzu ba turare, ba yanke farce, ba kuma faɗa. Na ce ai na sani. Ya ce na ƙarshen yake nufi.

Laraba: Jidda zuwa Madina

Ƙarfe takwas da minti goma muka fito daga hannun masu duba fasfo. Wani direba ɗan Damagaram, Abu Nasir, ya ji Hausarmu ya matso. Ina ba shi labarin tsarina, sai ya kalle ni.

"Juma'a, Hajiya? Nan Alhamis da Juma'a ne hutu. Yau ƙarfe biyu halas, an rufe sai Asabar."

Makka ga ta nan kusa, Madina kuwa kilomita ɗari huɗu da wani abu. Malam ya ce zuwa Madina ba ya ɓata niyya, amma muna cikin harami har sai mun dawo mun yi ɗawafi. Na kira maƙwabtan Rabi a wayar bango na ce Faisal ya je ƙofar jami'a ya tsaya, kada ya motsa.

Riyal sittin kowane mutum. Abu Nasir ya ce sai mota ta cika. Minti arba'in muna zaune yana shan shayi, yana kiran "Madina, Madina" kamar mai tallan da ba ya son ciniki. A gida da tuni tasha ta taru a kanmu. Na buɗe baki, Malam ya yi gyaran murya. Na haɗiye, na fara labbaika. Tara saura minti biyar muka tashi.

Hanya shimfiɗe, baƙaƙen duwatsu hagu da dama. Sha ɗaya da rabi muka iso shingen 'yan sanda. Wani fasinja iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare, aka sauke shi, aka karɓi fasfo ɗinmu duka aka shiga da su ɗaki. Minti ashirin da biyar. Ina kallon agogon Malam har ya juya shi ciki.

Da rana ta goce Abu Nasir ya karkata wani masallacin bakin hanya. Na ce matafiya ne mu, mu haɗa da la'asar a Madina. Ya ce shi ba ya wuce azahar, kuma akwai shinkafa da kaza mai kyau a nan, riyal goma. Wallahi kalmomin sun zo har bakin haƙorana. Abin da na iya faɗa kawai shi ne, "Ɗana, karatun maraya ne a ƙuguna." Ya yi sallah, ya bar shinkafar. Daga nan allurar mota ba ta ƙara sauka ba.

Ƙofar jami'a

Biyu da minti bakwai muka tsaya. Ban taɓa ganin Faisal ba, amma tsayuwar Haruna ce, har karkatar kafaɗa. Ya rugo yana cewa "Amma", wato gwaggo a bakinsu. Yana jin Hausa, da Larabci yake mayarwa. Na juya baya na kwance lalita na ba shi. Ya shiga da gudu, ya fito yana tafiya. An rufe taga.

Mata ba sa shiga. Na tsaya bakin ƙofa, mai gadi yana ɗaga min hannu, ni kuma cikina cike da abin da ba ni da izinin faɗa. Malam yana gefe, kai ba hula, zane biyu, rana tana dukansa. Ma'aikata suna fitowa suna kallonsa, don a Madina mutum fita yake yi da harami, ba shigowa ba.

Wani dattijo baƙi mai farar jallabiya, da makullai a hannu, ya wuce mu ya dawo. Da wata Hausa mai nauyi, irin ta waɗanda kakanninsu suka zo da ƙafa, ya tambayi Malam ko ɓatan hanya muka yi. Ni na amsa. Na gaya masa daga Jidda muke, ba mu ga Ka'aba ba tukuna, ga dalili. Ban ɗaga murya ba, Allah ne shaida.

"Kin bar Ɗakin Allah a bayanki saboda takarda, ya Hajja?"

"Ɗakin yana nan gobe. Tagarku ce ba ta nan."

Ya daɗe yana juya makullan. Sannan ya ce wa Faisal yalla, su shiga. Minti goma sha biyu suka yi a ciki. Yaron ya fito da 'yar takarda mai hatimi, ya miƙo min da hannu biyu. Ban iya Larabcin ofis ba, amma lamba na iya, na karanta ta sau uku.

Ranuna, Makka, gida

A ɗakin Rabi da ke unguwar Ranuna muka kwana. Ta yi tuwo da kukar da na kawo, tana ba ni haƙuri, wai ta manta makonmu ba irin nasu ba ne. Na ce mata zan amsa ranar Juma'a. Alhamis muka yi ziyara, Juma'a muka isa Makka. Ina gama sa'ayi aka yanke min bakin gashi, na nemi wayar bango. Rabi ta sha nata faɗan, Malam ya sha ragowar.

Mun sauka Kano bayan kwana goma sha ɗaya, muka shiga gida da hantsi. Bayan wata biyu Rabi ta bugo: sunan Faisal ya fito cikin 'yan Najeriya. Shi ma ya karɓi wayar ya ce, "Gwaggo, na gode," da Hausa.

Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, ga dattijon makullai da ban tambayi sunansa ba, ga malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci. Malam kuwa, duk wanda ya zo sannu da zuwa ya tambaye shi abin mamakin da ya gani a ƙasa mai tsarki, ni yake nunawa.