Bindigar da Na Zaɓar wa Dakta

Ko zan manta komai na zamanmu a Kuala Lumpur, ranar da na ja maigidana zuwa filin harbi ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ni da ko yankan kaza ba na iya tsayawa kallo, ni ce na zauna ina zaɓen bindiga kamar mai zaɓen atamfa.

Kafin mu taho Malesiya, inda Dakta yake koyarwa a wata jami'a, 'yan bindiga sun taɓa buɗe wa motarsu wuta a hanyar garinsu. Shi ko ƙwarzane bai samu ba, amma wanda ke zaune kusa da shi bai kai gida ba. Bai taɓa ba ni labarin dalla-dalla ba, ni ma ban matsa ba. Sai da korona ta kulle mu a ɗan gidanmu na bene a unguwar Cheras na gane irin abin da mutumin nan yake ɗauke da shi. Murfin tukunya ya faɗi, sai cokali ya suɓuce masa. Wata rana da hantsi maƙwabtanmu 'yan China suka fasa nokawut na bikin sabuwar shekararsu, yana tsakiyar koyar da ɗalibai ta kwamfuta. Na leƙo na tarar da shi a durƙushe bayan kujera, ɗalibai suna ta kiran sunansa. Da muka haɗa ido sai ya ce wai biro yake nema.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Hajiya, mahaifiyarsa. Tsufa ya kama ta, kuma duk wayar da za su yi sai ta tambaya ko zai zo idan an buɗe hanya. Shi kuwa sai ya kawo zancen aiki. Na san ba aiki ba ne. Hanyar zuwa wurinta ɗaya ce, ita ce kuma wadda aka tare su.

Akwai maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Malay da nake kira Kak, wato Yaya. A lokacin kulle ni in rataya mata masa a hannun ƙofa, ita ta rataya mini kayan zaƙinsu. Ashe baiwar Allah tsohuwar mamba ce a wata ƙungiyar masu wasan harbi. Da na yi mata ƙorafi a waya ta ce ita ba likita ba ce, ba ta yi mini alkawarin komai ba. Amma ta ce ƙarar da yatsanka ya jawo, ka san lokacin zuwanta, daban take da wadda ta faɗo maka. "Kawo shi, boleh," in ji ta, wato zai yiwu, "amma sai mun zaɓi wadda ba za ta ƙara firgita shi ba."

Haka ta dinga turo mini hotuna tana bayani. Fistol, ƙaramar ta hannu, tana zillo kuma ƙararta a gaban fuska take. Doguwar kuwa naushin kafaɗa gare ta, ga ruri. Sai wata matsakaiciya da ake kira karbin: a kafaɗa ake kafa ta kamar doguwa, amma harsashin fistol take ci, saboda haka ba ta da duka sosai, ƙararta ma da sauƙi. A cikinsu ma na ƙi duk wata baƙa mai kama da ta mutanen daji. Na kafe a kan wata mai shuɗin gindi, da ganinta ka san ta wasa ce.

Saura yadda zan faɗa masa. Ba zan dubi idon mijina in ce masa tsoro yake ji ba. Da aka sassauta kulle sai na ce, "Dakta, ni fa harbi nake so in koya."

Ya sauke tabarau. "Ke? Seriously?"

"Zaman gida ya ishe ni. Kuma ai ba za ka bar ni in shiga cikin maza ba muharrami ba."

Ya mayar da tabaraun, sannan ya ce to.

Da yake na daɗe ban fita ba, ranar na ci kwalliya kamar mai zuwa biki, na kafa ɗaurin ɗankwali mai tudu sannan na ɗora hijabi. Kak ta shigar da mu a matsayin baƙinta, aka auna zafin jikinmu, aka duba fasfo. Da aka zo zaɓe, Dakta, don kada a raina shi, ya nuna wadda ta fi kowace girma. Allah ya taimake ni da dokar korona: bindiga ɗaya ake ba 'yan gida ɗaya, saboda goge ta da ake yi da magani. Na yi maza na ce ni dai mai shuɗin nan kaɗai zan iya ɗagawa. Kak ta ce, "Madam first lah, Doctor."

Shi ta ba shi abin toshe kunne, ta ƙara masa da babban marufi a kai. Ni kuwa na ɗora nawa marufin a kan hijabi, ban lura ƙullin ɗankwali ya tokare shi ba, kunnena na hagu a buɗe yake. Kak ta gyara mini tsayuwa, ta ce bakin bindiga gaba, yatsa a wajen kunama sai an shirya. Na yi bismilla na danna.

Wallahi ji na yi kamar cikin kaina abin ya fashe. Na ƙwalla salati, Kak ta karɓe bindigar, na durƙushe ina kuka haiƙan, takunkumina ya jiƙe sharkaf. Ni da na zo wasan kwaikwayo, ga shi tsoron gaske ya kama ni.

Sai ga Dakta a kaina. Ya duba kunnen, ya ga abin da ya faru, ya tuntsire da dariya. "Wa ya aike ki ɗaurin biki a nan?" Ya tsaya ya kare ni da jikinsa har na zare ɗankwalin ta ƙarƙashin hijabi, ya cusa shi a aljihu, ya daidaita mini marufin da hannunsa. "Tashi, ba komai ba ne. Tsaya ki gani."

Kafin in ankara ya karɓi bindigar. Harbin farko kafaɗunsa suka zabura. Ya daɗe a tsaye ido rufe, Kak ta yi mini alama in yi shiru. Sannan ya buɗe ido ya sake dannawa, ya kuma sake, har harsashin ya ƙare. Takardar da ya harba duk a gefe-gefe ramukan suke, rigarsa ta jiƙe da gumi, amma a tsaye ya gama.

A hanyar komawa muka tsaya a shagon mamak, irin na Indiyawa masu sayar da abinci, za mu yi tapau, wato a ƙunsa mana mu tafi da shi gida. Muna jiran shayi ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Ke da kike guduwa ɗaki idan ana yanka kaza. Tun ranar da kika faɗa na gane."

"To me ya sa ka biyo ni?"

"Na ga wahalar da kika sha don ki rufa mini asiri. Kunyar ƙi na ji."

Ba zan ce ya warke ba, har yau ƙara tana zaburar da shi. Amma da aka buɗe iyakoki da kansa ya nemi tikiti, ya bi hanyar nan, ya kira ni daga ɗakin Hajiya ina jin muryarta tana sa masa albarka. Ba ta daɗe ba bayan haka Allah ya karɓi abarsa. Sun gana, kuma kullum na tuna sai na gode wa Allah.

Ɗankwalin bai taɓa mayar mini ba. Daga baya ya ce yana aljihunsa har suka wuce wurin da aka tare su. Abin da na koya shi ne, idan naka ya kasa tashi, ba sai ka nuna masa ka ga faɗuwarsa ba. Wani lokaci ka bar shi ya ɗaga ka, sai ka ga ashe shi ma ya miƙe.